Sunan da Na Rubuta da Jan Tawada

Kun daɗe kuna gaya wa mutane cewa babanku ya koyi rubutun Sinawa ne don ya ajiye aiki ya rasa abin yi. Ƙaraminku ma na taɓa jin sa a waya yana ce wa abokinsa wai gasa nake yi da baban mijin Yayarku. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba haka abin ya faro ba. Tunda hannuna ya fara rawa, gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iya riƙe alƙalami.

Ni mutum ne mai alfahari da hannunsa, wannan kun sani. A Damagaram na fara da allo, daga dama zuwa hagu, a gaban wani malami da ba ya yarda harafi ya jingina da ɗan'uwansa sai da dalili. Daga baya aka kai ni lakwal, makarantar boko, aka juya mini hannu daga hagu zuwa dama. Da na zo karatu Lyon na koyi zanen taswira, kuma da shi na ci abinci shekara talatin da wani abu a wani ofis a Paris, ina rubuta sunayen garuruwa da koguna ƙanana-ƙanana, kafin na'ura ta karɓe aikin. Saboda haka na tsufa da tunanin cewa duk abin da ɗan Adam ya rubuta, ko ban gane shi ba, aƙalla zan san inda ya fara da inda ya ƙare.

Yayarku, wadda ba na kiran sunanta don ita ce ta fari, ta auri Karim a shekarar da na ajiye aiki. Iyayensa Sinawa ne daga wani gari na bakin teku, amma shi a Lyon aka haife shi, kuma ya musulunta tun yana jami'a, kafin su haɗu. Mahaifiyarsa ta rasu da daɗewa. Mahaifinsa, tsoho Lin, ya yi rayuwarsa yana ɗinkin jakunkunan fata a unguwar Guillotière, kuma duk shekarun da ya yi a ƙasar nan Faransancinsa bai wuce gaisuwa da godiya ba. Bayan biki da wata biyu muka je gaishe shi ni da Hajiya mahaifiyarku. Muka zauna a ɗan falonsa muna shan shayi marar sukari, muna yi wa juna murmushi har kumatuna suka gaji. Ni kuwa da ba na iya zama wuri ɗaya, na tashi ina duba bango. Akwai hoton wata mata mai gajeren gashi, a ƙarƙashinsa an yi rubutu da baƙar tawada, alamomi uku, kowace a tsaye ita kaɗai kamar ƙaramin gida. Na kai fuskata kusa, na ja baya, na karkata kai. Ban san ta sama ake farawa ko ta ƙasa ba, ban ma san ko abin da nake kallo kalma ɗaya ce ko magana ce cikakkiya ba.

Na kira Karim na ce, "Wannan mene ne aka rubuta?"

Ya ce, "Sunan mahaifiyata ne, Baba."

"To karanta mini, ka nuna mini wanne ne wanne."

Sai ya sunkuyar da kai. Ya ce yana jin yaren gidansu kuma yana mayarwa, amma rubutun bai iya ba, sunan ma siffarsa kawai ya sani. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina, don a ranar ni da shi duk jahilai ne a gaban bango ɗaya. Kafin mu tafi na ciro ɗan littafin aljihuna na kwaikwayi alamomin uku yadda ake kwaikwayon hoton tsuntsu. Tsohon yana kallona har na gama.

A jirgin ƙasa na komawa Paris, awa biyu cur, ban ɗaga ido daga shafin nan ba. Hajiya ta yi barci ta farka ta same ni ina juya littafin sama da ƙasa.

Ta ce, "Malam, in ka gama karatun ka gaya mini abin da suka ce."

Mako biyu bayan haka na sami wani aji a Belleville cikin Paris, ɗaki ne na wata ƙungiyar unguwa a saman shagon kayan miya, ana yi kowace Asabar da safe. Malamar sunanta Madam Cen, gajeriya ce mai saurin tafiya, ta girme wa Yayarku da kaɗan. Ɗalibai goma sha ɗaya ne, duk matasa masu neman aiki da kamfanonin Sin, sai ni da furfurata. Ranar farko na gaya mata cewa magana nake so in koya don in yi hira da surukina. Da ta ji sunan garinsu sai ta yi dariya, ta ce ita kanta in ya yi yarensu ba za ta gane kalma ɗaya ba, amma in ya rubuta za ta karanta tsaf. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ashe rubutun ba sauti yake ɗauka ba kamar namu, ma'ana yake ɗauka, mutum biyu da ba sa jin bakin juna sai su zauna su yi hira a kan takarda. Nan take na ce mata a bar maganar baki, ni rubutun nake so.

Ta ba mu kaye, wato littafin rubutu, mai gidaje huɗu-huɗu, kowane gida an raba shi da layi mai ɗigo-ɗigo. Ta fara mu da alamar mutum, layi biyu ne kawai kamar ƙafafun mai tafiya. Sai itace, da gangar jikinsa da rassa da saiwa. In ka jera itace biyu sun zama kurmi, kuma wannan shi ne Lin, sunan gidan su Karim. Ranar da na gano haka na fito titi ina murmushi ni kaɗai, don na san yanzu cewa ɗiyata gidan Kurmi ta yi aure. Sannan kowace alama tana da tsarin da ake bi wajen zana ta: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye. In alamar tana da akwati, sai ka zuba abin da ke ciki kafin ka ja layin ƙasa. Madam Cen takan ce a bar mutane su shiga ɗaki tukuna sannan a rufe ƙofa.

A nan ne alfaharina ya fara shan kashi. Na cika shafi guda da alamomi masu kyau kamar an buga da inji, na miƙa mata ina jiran yabo. Ta duba, ta sa yatsa a kan wani layi na kwance.

Ta ce, "Wannan daga dama ka jawo shi."

Na ce, "Yaya kika sani? Ai layi layi ne."

Ta ce, "Kansa yana wurin da wutsiyarsa ya kamata ta kasance."

Gaskiyarta. Duk lokacin da hankalina ya tafi wani wuri, hannun sai ya koma makarantar allo ya fara daga dama. Shekara hamsin ina rubutun boko, ashe wancan yana nan kwance a ƙasa. Ban ji haushi ba, mamaki na ji, da wani irin daɗi kuma, kamar na gamu da tsohon aboki a kasuwar da ban zaci zan gan shi ba.

Mutanenmu na masallacin Goutte d'Or kuwa sun sami abin yi. Bayan Juma'a in muka tsaya gaisawa, Alhaji Mamman, wani ɗan Maraɗi da muka yi shekaru tare, sai ya kama hannuna ya ɗaga wa jama'a.

"Ku gaida Malam ɗan Shinuwa, mutumin ƙasar Sin! Malam, yaya ake cewa ina kwana da tsinken cin shinkahwa?"

Nakan ce masa, "Alhaji, kai da ko takardar likita sai ɗanka ya karanta maka, ka bar ni da nawa."

Wanda bai ɗauki abin da wasa ba ita ce Hajiya. Mun yi alkawari tun kuna ƙanana cewa ranar da na ajiye aiki za mu koma Damagaram. Ta riga ta fara ɗaure kaya, akwatuna uku suna jingine a bayan ƙofar ɗakinmu a Bobigny. Na ce mata a ƙara shekara ɗaya in gama ajin farko. Ta dube ni ta ce shekara ɗaya tawa ta san tsawonta. Ba ta yi ƙarya ba, don ga shi har yau muna nan, kuma ƙannenta biyu sun rasu ba ta kusa. Wannan nauyin nawa ne, ban taɓa ɗora shi a kan kowa ba, kuma ina so ku sani na san ta biya kuɗin karatun da ba ita ta yi ba.

Ina cikin wata na bakwai a ajin aka ce Yayarku tana da ciki, daga baya likita ya ce mace ce. Karim ya zo har gida ya durƙusa ya ce ni zan zaɓi sunan Musulunci, mahaifinsa kuma zai zaɓi na Sinanci, wanda su sai yaro ya cika wata ɗaya suke bayyanawa a wani biki nasu. Ban yi dogon tunani ba. Sunan mahaifiyata na zaɓa. Zan rubuta shi sau ɗaya a nan, tunda rubutu ba kira ba ne: Amina.

A makon nan ne Madam Cen ta koya mana wata alama mai layi shida. A sama rufin ɗaki ne, a ƙarƙashinsa mace. Ta ce ana karanta ta "an", ma'anarta zaman lafiya da kwanciyar hankali. Na ji kamar na taɓa ganin ta. Da na koma gida na buɗe ɗan littafin aljihuna, sai ga ta, ita ce ta tsakiya a cikin alamomi ukun da na kwaikwaya a ƙarƙashin hoton mahaifiyar Karim. Na zauna a bakin gado ina kallon ta. Ku duba ku gani: sautinta ya yi kusa da farkon sunan mahaifiyata, ma'anarta aminci, wanda daga nan sunan ya fito, sannan ga ta a cikin sunan kakar yarinyar ta wajen uba. Kaka biyu a cikin layi shida. Na ce wannan ba dabarata ba ce, Allah ne ya haɗa. A wurinmu babu girmamawar da ta kai a mayar wa mutum sunan mamacinsa a kan jariri. Na ƙudura cewa ranar suna zan rubuta alamar nan in miƙa wa tsoho Lin, in nuna masa cewa mun san darajar matarsa.

Ban gaya wa kowa ba, har Madam Cen, don ina so ya zama abin mamaki. Wata biyu ina rubuta alamar nan kullum bayan sallar walaha, sai da hannuna ya daina fara layin tsakiya daga dama. Na sayi takarda mai kauri da burushin rubutu. Da na zo zaɓen tawada ban yi shakka ba. A Alƙur'anin hannu da na tashi ina gani a gidanmu, da baƙi ake rubuta baƙaƙe, ja kuwa na wasali ne da wuraren da ake so ido ya tsaya ya girmama. Sannan a gidan tsohon na ga ja ko'ina, a bakin ƙofa, a kalanda, a 'yan ambulan da suke ba yara. Na ce to, mu muna girmama ja, su suna son ja. Na rubuta Kurmi a sama, alamar aminci a ƙasa, da jan tawada mai haske. Ban taɓa rubuta abu mai kyau kamarsa ba, kuma har yau ban sake ba.

Aka yi suna a gidansu Yayarku a Lyon, da safe. Liman ya yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba dabino da goro. Tsoho Lin yana zaune a kujera cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, an ɗora masa jaririyar a cinya. Na tashi a gaban mutane, na warware takardar, na miƙa masa da hannu biyu yadda aka koya mana, na nuna alamar, na nuna yarinyar. Ya duba. Na ga murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya miƙa wa Karim jaririyar, ya tashi, ya ɗauki hularsa ya fita, bai taɓa takardar ba. Wata ƙanwarsa da ta zo tare da shi ta fizge ta daga hannuna ta kife a kan tebur, tana magana da sauri da yarensu, ta bi bayansa. Mutanen falon suka juyo suna kallona. Ni ina tsaye da hannuwana a buɗe, ban san abin da na yi ba.

Washegari Yayarku ta same ni a kicin, idonta ya kumbura.

Ta ce, "Baba, ban san me ka rubuta ba, Karim ma bai gane duka ba. Amma tsohon ya ce ba zai yi bikin wata ba in kana wurin. S'il te plaît, don Allah, ku koma Paris tukuna. Ni ce zan zauna da mutanen nan."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo, don gaskiya ce. Ni zan hau jirgi in tafi, ita kuwa gidanta ke nan. Na je in ƙara mata daraja a wurin surukanta, na bar ta tsakanin ubanta da uban mijinta da jaririya 'yar kwana takwas a hannu. A jirgi Hajiya ta juya fuskarta ga taga har Paris, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar na riga kowa zuwa aji. Na shimfiɗa takardar a gaban Madam Cen na ba ta labari. Ta sa hannu ta rufe baki.

Ta ce, "Da ja ka rubuta sunan jaririya?"

Na ce, "Ai kuna son ja."

Ta ce, "Jar takarda muke so, da baƙar tawada a kai. Sunan mai rai ba a rubuta shi da ja. A da, wanda aka yanke wa hukuncin kisa ake yi wa haka."

Na jawo kujera na zauna. Ta ce kuma wannan shi ne ƙaramin laifin, don kowa zai iya cewa baƙo ne bai sani ba. Babban shi ne alamar kanta. A wurinsu ba a sa wa yaro sunan kakansa ko kakarsa, ko alama ɗaya daga ciki ba a ɗauka. Sunan babba nasa ne, ana kauce masa don girmamawa. Wato na ɗauki sunan matarsa da ta rasu, na ɗora wa jikarsa, na kuma rubuta da tawadar mutuwa, na miƙa masa a gaban jama'a ina murmushi.

Kunya ta kama ni sosai. Amma ba zan ɓoye muku ba, a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da yake motsi, irin son sanin nan da ya hana ni zama tun ina yaro. Na yi ta juya maganar kwana da kwanaki. Su suna kauce wa sunan babba don girmamawa. To mu fa? Ni ban taɓa buɗe baki na kira sunan mahaifiyata ba. Yarinyar nan da aka sa wa sunan, babu wanda zai kira ta da shi a gidanmu, Inna za mu ce. Ashe kunyar iri ɗaya ce. Mu muna ɓoye sunan a jikin yaro mu daina faɗa, su suna barin sa wurin mai shi. Na ga in har tsohon ya ji wannan, ko bai yafe ba, zai san ba raini ba ne.

Na roƙi Madam Cen ta koya mini yadda ake rubuta "na yi kuskure". Alamomi uku ne, ta farko ita ce "ni". Saura kwana biyar bikin wata na hau jirgin safe zuwa Lyon ni kaɗai, ban gaya wa Yayarku ba. A cikin jirgin na rubuta alamomin a farar takarda da baƙin bik, wato biro, jirgin yana ta rawa. Na hau bene na uku a Guillotière na ƙwanƙwasa. Ya buɗe, ya gan ni, fuskarsa ta ɗaure. Na ɗaga takardar a ƙirjina kamar mai jiran baƙo a tasha.

Ya sa tabarau ya duba. Ya sake dubawa. Sai na ga kafaɗarsa tana motsi, kafin in ankara dariya ta ƙwace masa har yana riƙe ƙofa. Ya zaro alƙalami daga aljihun rigarsa, ya ƙara wani ɗan gajeren layi a saman alamar farko, ta hagu. Daga baya na gane abin da ya faru. Alamar "ni" in ta rasa wannan ɗan layin sai ta koma "nema". Na tsaya a ƙofar mutum da takarda mai cewa na yi ɓatan kai, ba nan nake nema ba.

Ya matsa ya ba ni hanya. Ya dafa shayi, ya kira Karim a waya, sannan ya kawo takarda ya ajiye tsakaninmu. Kafin Karim ya iso daga wurin aiki mun yi kusan awa ɗaya muna hira da 'yan alamomin da na sani, waɗanda ba su kai ɗari biyu ba. Na rubuta "uwa", na nuna ƙirjina. Na rubuta "suna". Na rubuta "yaro". Ya gyaɗa kai, ya gyara mini wani layi, ya rubuta nasa, na gane rabi. Ya tambaye ni shekaruna, na rubuta, ya nuna cewa ya girme ni da tara, ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ban taɓa yin hirar da ta gajiyar da ni kuma ta yi mini daɗi kamar wannan ba.

Da Karim ya zo ya zauna tsakaninmu yana fassara. Na ba da haƙuri a kan jan tawada, tsohon ya kaɗa hannu, ya ce wannan ya wuce. Sai ya yi magana mai tsawo yana kallon tebur.

Karim ya ce, "Ya ce sunan nata ne. In an ba yarinya, kamar an zaunar da ita a kujerar kakarta ne tun kakar ba ta tashi ba. Ya ce a wurinsa ba ta tashi ba."

Na ce, "Gaya masa na ji, kuma na janye. Amma ka gaya masa abin da na nufa. Mu ma ba ma kiran sunan. Muna sa wa yaro ne don mu sami wanda za mu kira da abin da muke kiran mai sunan."

Tsohon ya saurara, ya ɗaga gira, ya yi tambaya.

"Ya ce, wato kai jaririyar nan uwa kake ce mata?"

Na ce, "Inna nake ce mata. Shekara goma sha tara ban da wanda zan ce wa Inna, sai makon da aka haife ta."

Karim ya fara fassarawa, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya tashi ya je bakin taga ya juya mana baya. Tsohon ya dubi ɗansa, ya daɗe yana dubansa, kamar yau ya fara lura da tsawonsa. Ni kuma na dubi shayina. Da zan tafi ya jawo takardar ya rubuta alama ɗaya ya turo mini. Na san ta, "zo" ce.

Ranar bikin wata muka zo da Hajiya, ku ma kuna wurin, sai dai hankalinku yana kan abinci. An dafa ƙwai an rina su ja, an sayo kaji daga mahaucin Musulmi saboda mu. Tsoho Lin ya tashi ya buɗe jar takarda da baƙin rubutu, ya bayyana sunan da ya zaɓa, alama ce mai nufin hasken safiya, babu ko layi ɗaya na sunan matarsa a ciki. Aka yi tafi, ni ma na yi, da zuciya ɗaya. Yayarku ta dube ni daga can ƙarshen tebur ta yi murmushi, karo na farko tun ranar suna.

Ana cikin cin abinci yarinyar ta fara kuka a hannun ubanta. Ya tashi yana jijjiga ta, ta ƙi yin shiru. Ban san ko ya shirya ba ko bakinsa ne ya riga shi, sai muka ji ya ce a hankali:

"Mama, ya isa. Yi shiru, Mama."

Kalmar nan ba ta bukatar tafinta, don da Hausa da Faransanci da yarensu duk abu ɗaya take nufi. Ƙanwar tsohon ta ajiye tsinken cin abincinta. Yayarku ta daina tauna. Kowa ya juya yana kallon tsoho Lin, ni kuwa na san daga bakina yaron ya ɗauko wannan, kuma in abin ya sake ɓaci, ɗiyata ce za ta kwana a ciki.

Tsohon bai dubi ko ɗayanmu ba. Ya daɗe yana kallon ɗansa da jaririyar, wadda ta fara lafawa. Sannan ya zaro alƙalaminsa, ya jawo takardar goge hannu, ya rubuta alamomi biyu, ya turo ta tsakanin kwanuka har gabana. Babu malama kusa, babu ƙamus, ɗansa ma ba zai iya taimaka mini ba. Na sa tabarau na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama.

Hajiya ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Malam, mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce ba laifi."